Teku ake tsoro, kwantaccen ruwa ke ci

Ranar da na tura hotona cikin kayak a zauren WhatsApp na gidanmu, ba a yi minti goma ba sai ga kiran Kawu. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Kai yaro, wannan ɗan ƙoƙon da na ga ka cusa kanka a ciki, kan ruwan gishiri ne?" Na ce, "Eh Kawu, teku ce." Ya yi jim, sannan ya ce, "To in karatun ne ya ishe ka, ka tattaro ka dawo gida. Ba sai ka sa wa uwarka hawan jini ba."

Kawu fa ba matsoracin ruwa ba ne. Mutumin Yawuri ne, ya fi shekara arba'in yana fito a kan Kwara, tun ana tura jirgi da gora da filafili har aka koma inji. Ya ga dorina ta daki jirgi a gabansa, ya tsamo gawa ba ɗaya ba, ba biyu ba. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa sa rigar kariya ba. In ka miƙa masa ma sai ya tambaye ka ko baƙon ruwa ka ɗauke shi. Amma a lissafinsa ni ne mai wasa da rai, ni da ba na taka ruwa sai da rigar kariya a jiki, rediyo a ƙirji, fitilar neman agaji a aljihu.

Ba shi kaɗai ke da wannan gani ba. Turawan da nake zaune cikinsu a arewacin Wales ma haka suke. Ka ce wa mutum za ka shiga kayak a tafki ranar Asabar, sai ya ce a sha iska lafiya. Ka ce masa teku za ka, sai ya zaro ido. Ni kuwa bayan shekara huɗu ina tuƙi a teku, da ɗan abin da na taɓa na koguna, ga inda na tsaya. Teku ba ta cika kama mutum ba, sai dai in ta kama ba ta saki da arha. Kogi mai duwatsu yawan bugu gare shi, ya fasa goshi, ya gurɗe kafaɗa, wani lokacin ya danne mutum ya ƙi sakinsa. Amma wanda ya fi cin masu tuƙi shi ne ruwan da ya kwanta luf, wanda mutum zai kalla ya ce ai wannan ko yaro ya shiga.

Ga wanda bai san kayak ba, shi da kwale-kwalenmu ba ɗaya ba ne. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, maharban dabbobin teku. Sukan haɗa ƙashin jirgin da itacen da ruwa ya koro gaɓa, su lulluɓe shi da fatar dabbar da suke farauta, su bar rami ɗaya daidai ƙugun mai shi. Na zamani da roba ko fiba ake yi. Na teku dogo ne siriri, mita biyar ko fiye, faɗinsa kuwa santimita 55 ko kusa da haka. A zaune kake, ƙafafu a miƙe, filafilinka mai kai biyu, ga wani bante na roba ɗaure a ƙugunka ya rufe bakin ramin kada ruwa ya shiga. Gaba da baya akwai rufaffun ɗakuna masu riƙe iska, shi ya sa ko ya kife ba ya nutsewa. Na kogi gajere ne, mita biyu da rabi, don ya juya da wuri tsakanin duwatsu. Sai na ukun, wanda ya fi su yawa nesa ba kusa ba: na shaƙatawa, mai faɗi, mai araha, irin wanda ake jerawa a babban kanti kusa da kujerun lambu. Da yawansu ba su da ɗakunan iskar nan, in suka sha ruwa magana ta ƙare. Akwai kuma buɗaɗɗen kwale-kwale irin na Kanada, ɗan'uwan namu na gida, da wani allo da ake tsayawa a kai ana tuƙi, wanda ya yi kasuwa a 'yan shekarun nan.

Masu asalin sana'ar ba su taɓa ɗaukar ta da wasa ba. Maharban Girinlan suna da hanyoyi sama da talatin na mirginowa in jirgi ya kife, ba tare da mutum ya fita daga cikinsa ba: da filafili, da sandar jifan mashi, da hannu tsura, har da yadda za ka yi in igiya ta harɗe ka. Da yawansu ba su iya iyo ba, don iyo a ruwan ƙanƙara ba ya kai mutum ko'ina. Duk da wannan gwaninta, kayak ya ci mazajensu ba adadi. Saboda haka in Kawu ya ce akwai haɗari, bai yi ƙarya ba. Gardamata da shi a kan inda haɗarin yake ne.

Ni dai a jikina na fara gane shi. Wata Asabar ce cikin watan Afrilu, a wani ɗan lungun teku da ke tsibirin Anglesey. Rana ta fito tarwai, ruwa ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma, har ana hango yashin ƙasansa. Malamarmu wata dattijuwa ce da ta ba sittin baya, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ta ce babu inda za mu sai kowa ya kife da gangan ya fito. Na yi dariya a zuci. Ni da na koyi iyo ina ɗan shekara shida a mashayar bayan gidanmu, ni da nake tsere da 'ya'yan Sarkawa? Na karkata na faɗa.

Kamar an kwaɗa mini mari, haka na ji, sannan kamar an ɗaure mini goshi da waya an ja. Ƙirjina ya nemi jan numfashi da kansa ba da izinina ba, alhali kaina na ƙasa, ƙafafuna na sama cikin jirgi. Igiyar cire banten, wadda na taɓa sau uku a tudu don in tabbatar da inda take, na neme ta na rasa. Da ƙyar na lalubo ta na fizge. Da na ɓullo ban iya furta komai ba sai haki, kamar akuyar da karnuka suka koro. Malamar ta matso ta riƙe jirgina, ta ce kada in yi yunƙurin hawa, in tsaya numfashina ya dawo tukuna. Digiri tara ruwan yake ranar, kuma fa ina cikin rigar da ba ta shan ruwa tun daga wuya har idon sawu. Kai da hannu kawai ruwan ya samu. Da muka fito tudu na ɗauki fulas ɗin shayina na kasa murɗe murfin. Yatsuna na kallona ina kallonsu.

Wani farfesa a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, wanda ya sha jefa kansa cikin ruwan ƙanƙara don bincike, ya taƙaita abin da lamba uku: ɗaya, goma, ɗaya. Minti ɗaya na farko numfashi ke ƙwace maka, kuma a nan wasu ke shaƙar ruwa su mutu kafin ma sanyin ya ratsa su. Sannan kana da kamar minti goma da hannu da ƙafa za su yi maka aiki. Bayan nan, in akwai abin da ke riƙe da kai a saman ruwa, kana da kimanin awa ɗaya kafin hankali ya gushe. In babu, ba za ka ga awar ba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi, kuma da zarar ya sauka ƙasa da digiri 15 wannan shaƙewar ta farko tana nan tana jira. Wanda ya san sanyin Jos ko hunturun Kano kada ya ɗauka ya san wannan.

To amma sanyi ai ba mallakin teku ba ne. A ranar 8 ga Disamba 2015, Doug Tompkins, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin tufafi na The North Face, ya kife a kayak a tafkin General Carrera da ke kudancin Chile. Tsohon hannu ne a tuƙi, kuma yana tare da abokai ƙwararru. Iska ta taso, igiyar ruwa ta kifar da su, ruwan bai kai digiri huɗu ba. Kafin jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibiti a Coyhaique, zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 19. Ya rasu yana da shekara 72. A watan Yunin 1978 kuma, a tafkin Timiskaming na Kanada, buɗaɗɗun kwale-kwale huɗu na wata makaranta suka kife, yara 12 da jagora ɗaya suka mutu, da rigunan kariyarsu a jiki. Sanyi ne ya kashe su. Duka biyun nan ruwan daɗi ne, babu gishiri ko ƙwaya. Tekun Legas da na Accra kuwa ɗumi gare su kamar ruwan wanka. Matsalarsu daban ce, igiyar da ke dukan gaɓa da kuma jan ruwan da ke fizgar mutum ciki.

Abin da yake na teku na kanta guda uku ne, kuma ukun haɗuwa suke su yi ɓarna: iska, cika da janyewa, da nisa.

Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kowane zagaye awa 12 da minti 25 ko kusa da haka, kuma wata ke jan akalar abin. Wajen tsayuwar sabon wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu, ta fi tumbatsa ta fi gudu. A tsakankaninsu ta lafa. Wannan darasi ni ya zo mini a ɓagas, abokan tuƙina na duba waya, ni kuwa kwanan watan Musulunci nake lissafawa a ka. Inda ruwan ya matse tsakanin tsibiri da gaɓa, ko ya zagaya hancin dutse, sai ya koma kogi a tsakiyar teku. Matsakaicin mai kayak yana cin kilomita biyar zuwa shida a awa. A Penrhyn Mawr da ke nan Anglesey ruwan kan kusan ninka wannan. A Saltstraumen ta ƙasar Norway yakan kai har kusan kilomita 37 a awa. Babu ƙarfin dantsen da zai ja da irin wannan. Sai dai ka san lokacinsa ka bi ta gefensa, ko ka jira shi ya huce. Daɗin abin shi ne, a rubuce yake. Akwai jadawalin da ke faɗa maka yadda ruwan zai kasance a kowace awa ta shekara mai zuwa. Ban san wani kogi da ke ba da irin wannan sanarwa ba.

Iska ita ce munafukar. Wadda ke tasowa daga teku zuwa tudu tana ta da igiyar ruwa a idonka, ka gani ka fasa shiga. Wadda ke tasowa daga tudu zuwa teku kuwa lallashi take yi: bakin gaɓa lumui, saboda tsaunuka sun tare ta, sai ka yi nisan mita ɗari biyu ko uku ta dafa ka a baya ta yi ta turawa, kuma duk ƙarin nisa ƙarin igiyar ruwa ne.

Ita ce ta yi ɓarnar Lyme Bay a kudancin Ingila ranar 22 ga Maris 1993. Ɗalibai takwas daga wata makaranta a Plymouth da malaminsu ɗaya, tare da masu koyarwa biyu na wata cibiyar wasanni, suka tashi daga Lyme Regis za su Charmouth, tafiyar kilomita uku kacal a gefen gaɓa. Malamin ya kife tun ba a je ko'ina ba. Kafin a gama da shi iska ta kwashi yaran ta yi ciki da su. Jiragen suka cika da ruwa ɗaya bayan ɗaya. Masu koyarwar ba su da ƙwarewar teku, ba su da fitilar neman agaji, kuma ba a sanar da masu gadin teku ba sai bayan awanni. Yara huɗu suka mutu. Abin da ya fi ciwo, wasu tsofaffin ma'aikatan cibiyar sun rubuta wa shugaban kamfanin takardar gargaɗi watanni kafin nan. A ƙarshen 1994 kotu ta ɗaure shi, aka kuma sami kamfanin kansa da laifin kisa, karo na farko a tarihin shari'ar Ingila. A 1995 majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa irin waɗannan cibiyoyi neman lasisi kafin su ɗauki yara.

Duba labarin da kyau. Teku ta ba da awanni. Da akwai rediyo ɗaya, ko mutum ɗaya a tudu da ya ɗaga waya da azahar, da wani zancen ake yi. Halinta ke nan: ba ta gaggawa, amma ta nisanta ka da mai ceto.

Kogi mai gangara cikin duwatsu akasin haka yake. Gaɓa na kusa, wani lokacin taku goma, sai dai ba ya ba ka lokaci. Masu wannan wasa sun kasa koguna mataki shida, daga na ɗaya da ɗan koyo zai bi zuwa na shida da ake ɗauka ganganci ne. Abubuwan da ke kisa a can sanannu ne. Itace ya faɗo ya gitta, ruwa ya wuce ta cikin rassansa kamar ta rariya, kai kuwa ka maƙale. Ko ka faɗo ka yi ƙoƙarin tsayawa, ƙafa ta shige tsagin dutse, ruwa ya kifar da kai rub da ciki a inda bai kai ƙirji ba. Ko hancin jirgi ya soke tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya naɗe shi da kai a ciki. Duk waɗannan lissafin minti biyu ne zuwa uku, kuma abokanka na tsaye suna kallo. Mu mutanen Yawuri ba baƙi ba ne a wannan labari: a 1806 Mungo Park ya wuce ta garinmu, ya je ya halaka a duwatsun Busa, waɗanda yanzu ke kwance a ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka datse kogin a 1968. A kogunan Afirka akwai ƙari a kan duwatsu. Hendri Coetzee, ɗan Afirka ta Kudu, gwani na gwanaye, kada ne ya fizge shi daga kayak a kogin Lukuga na Kwango a Disambar 2010.

In aka ce in zaɓa wa ƙanena tsakanin yini guda a gefen gaɓar teku cikin yanayi mai kyau da yini guda a kogi mataki na huɗu, tekun zan tura shi, ko tantama ba na yi.

Amma mafi sharri a wurina ba ya cikin waɗannan biyun. Ɗan shingen siminti ne da ake gittawa kogi, tsayinsa bai fi ƙugu ba, ruwa na zubowa ta kansa sumul kamar labule. A ƙasansa ruwan juyawa yake yi baya, ya danna mutum ƙasa, ya ɗago shi, ya mayar da shi gindin shingen, ya sake dannawa. A ranar 30 ga Oktoba 2021, a garin Haverfordwest na nan Wales, wasu masu tuƙin allo suka bi ta kan irinsa a kogin Cleddau bayan an kwana ana ruwan sama. Mutum huɗu suka mutu a tsakiyar gari. Matar da ta shirya tafiyar ta karɓi kuɗinsu, a Afrilun 2025 kotu ta ɗaure ta shekara goma da wata shida. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Alƙaluman ma can suka karkata. Rundunar tsaron tekun Amurka tana fitar da ƙididdiga duk shekara. A 2023 mutum 564 suka mutu a jiragen shaƙatawa. Inda aka san musabbabi, uku cikin huɗu nutsewa suka yi, kuma kashi 87 cikin ɗari na waɗanda suka nutse ba sa sanye da rigar kariya. Kayak ne na biyu a yawan mace-mace, bayan buɗaɗɗun jiragen inji. Ƙididdigar ta haɗa kowane irin kayak a kwando ɗaya, amma ta nuna wuraren: tafkuna da madatsai da koguna ne kan gaba, buɗaɗɗiyar teku na can baya, kuma galibin mace-macen a kwantaccen ruwa suka auku. Giya ce kan gaba a cikin dalilan da aka gano.

Mai gardama zai ce ai don masu shiga tafki sun fi yawa ne. Gaskiya ne, na yarda. Zan ma ƙara masa: da masu tuƙin teku za su shiga ruwa yadda masu tafki ke shiga, da singileti da gajeren wando, rigar kariya a bayan kujera, da gawa ta ishi masu ceto. Lyme Bay ta nuna haka. Abin da ke kare mai tuƙin teku tsoron da yake ji ne. Saboda tsoron ya je ya koya, ya sayi rigar sanyi mai tsadar tsiya, ya duba hasashen iska tun daren jiya, ya bar sallahu a gida cewa in ƙarfe kaza ta yi bai dawo ba a kira masu ceto, ya rataya rediyo a tasha ta 16 ta neman agaji, ya yi ta maimaita kifewa da hawa har abin ya zame masa jiki. Sau da yawa mun tuƙa mota awa guda, mun sauke jirage, mun tsaya mun kalli ruwa, mun mayar da su kan mota mun tafi shan shayi. Ba wanda ya ji kunya. Mai tafki ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, don ba abin da ya tsorata shi.

Abin da ke ɓata wa teku suna kuma, 'yan kasada ne, don labarinsu ake bugawa. Andrew McAuley ɗan Ostireliya ya tashi daga Tasmaniya a Janairun 2007 zai tsallaka zuwa Niyu Zilan shi kaɗai, kilomita 1,600. Ya yi wata guda a kan ruwa, saura ƙiris ya isa, aka tsinci jirginsa a kife ba shi a ciki, har yau ba a ga gawarsa ba. Aleksander Doba ɗan ƙasar Folan kuwa sau uku yana tsallaka Tekun Atilantika a kayak. Na farko daga Dakar ya tashi a Oktoban 2010, ya yi kwana 99 kafin ya taka Birazil, yana da shekara 64. Na ukun a 2017, yana da saba'in. A Fabrairun 2021 ya hau Kilimanjaro, ya kai ƙololuwa, ya zauna hutawa, rai ya yi halinsa. Auna haɗarin tuƙin teku da irin waɗannan mutane kamar auna haɗarin hawan doki ne da 'yan sukuwa.

Da na ba Kawu labarin Doba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce, "Ka ji ko? Wanda ajalinsa ke kan dutse ruwa ba ya cin sa." Na ce, "Haka ne Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Amma jirgin nasa mita bakwai ne, da ɗakin kwana, da na'urar tace ruwan sha, kuma an ƙera shi yadda in ya kife zai tashi da kansa." Dattijon nan ya ɗaure raƙuminsa tam kafin ya yi tawakkali, kamar yadda hadisi ya koyar.

A nan ne maganar ta dawo gida, kuma na san jiragen da ke kashe mu ba kayak ba ne, galibi na katako ne masu inji. Amma ɗabi'ar ɗaya ce, ta raina ruwan da aka saba da shi. A watan Mayun 2021 jirgi ya taso daga jihar Neja zai Wara a ƙaramar hukumar Ngaski da mutum sama da 150, waɗanda aka ceto ba su fi ashirin da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka mutu, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. A Yunin 2023 a yankin Patigi na jihar Kwara, sama da mutum ɗari, 'yan biki ne masu komawa gida cikin dare. Babu teku a nan, babu ruwan ƙanƙara.

Wannan rashin sanyin shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A Wales rigar kariya rabin magani ce, don agogon nan na ɗaya, goma, ɗaya yana bugawa ko ka sa ta. Ruwanmu kuwa mai ɗumi ne. Matar da ba ta iya iyo ba, in ta faɗa Kwara da rigar kariya ɗaure da kyau, tana iya yin awanni a saman ruwa har masunta su iso. Allah ya ba mu sauƙin da Turawa ke kashe dubban fam suna nema da rigunan roba, mu kuma mun ƙi ɗaukar abu ɗayan da ya rage.

Ba na goyon bayan a ce sai baligi ya yanki lasisi kafin ya shiga ruwa da jirginsa shi kaɗai, a teku ne ko a tafki. Ransa ne, a ba shi ilimi a bar shi. Amma duk wanda ya karɓi kuɗin wani ya ɗora shi a kan ruwa, ɗan fito ne a Yawuri, ko mai ba da hayar kayak ga samari da 'yan mata a tafkin Jabi na Abuja da lungunan ruwan Legas, wannan amana ya ɗauka, kuma ya kamata ya san akwai kotu a bayansa. Dokar tana nan: hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya, ta hana lodin da ya wuce kima. Sai dai ma'aikacin da ke zuwa jefi-jefi ba zai tsare mashaya ɗari ba. Wanda ake jin maganarsa a bakin ruwa Sarkin Ruwa ne da shugabannin 'yan fito. Ranar da suka ce jirgi ba ya tashi sai kowa ya ɗaura, ranar za a fara ɗaurawa, kamar yadda ba mai ƙetare layin lodi a gabansu.

Da na je gida hutun bara na tafi da riguna biyu, babba da ƙarama. Kawu ya karɓi babbar ya jujjuya ta, ya matsa soson da yatsa, ya sa albarka. Washegari na same shi a bakin ruwa ya shimfiɗa ta a kan katakon baya ya zauna a kai, yana riƙe da hannun inji. Ya ce tun da yake fito bai taɓa samun abin zama mai daɗinta ba. Ƙaramar kuwa tana jikin jikansa mai kwarfe masa ruwa, an ɗaure ta har da igiyar tsakanin ƙafafu, don uwar yaron ta rantse ba zai sake taka jirgin ba sai da ita.